Wa Za A Ba Ɗaki Na Bakwai?

A wannan wata mun yi niyyar yin magana ne a kan tsadar kwanon rufi, to amma sai wata matsala ta taso mana a gidan tsofaffin nan na bayan kasuwa, wanda aka ɗora mana nauyin riƙe littafinsa, muka ga gara mu kawo ta gabanku tun ba a yanke hukunci ba. Matsalar kuwa ta ɗaki ɗaya ce tak, ɗaki na bakwai, wanda girmansa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu a ajiye akwati ba. Amma yau mako uku ke nan mu biyar ɗin da ke kwamitin gidan mun kasa haɗa baki a kansa, har ta kai biyu daga cikinmu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Kafin mu kai ga ɗakin, bari mu ɗan koma baya saboda 'yan'uwanmu da ke karanta wannan mujalla a Garwa-Bulai da Njamena da sauran wurare, waɗanda rabonsu da Kilomita Biyar tun 2014.

Duk wanda ya tashi a nan ya san da can ba a san wani abu wai shi gidan tsofaffi ba. Unguwa ce da fatake suka raya tun zamanin Turawa, Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi da mutanen Senegal da Mali, nisan kilomita biyar daga tsakiyar Bangui, wanda daga nan ta samo sunanta. A gidajen da muka taso, tsoho na da ɗakinsa kusa da zaure, tsohuwa na da nata a cikin gida, jikoki na kai musu kunu da safe. Ko baƙon da ya zo fatauci ya tsufa a nan bai yi iyali ba, mai masaukinsa ne ke riƙe shi har ranar da za a kai shi makwancinsa. Gidajen da aka gina a unguwanni irin su SICA kuwa na ma'aikata ne masu albashi. Tun tasowarmu ba mu ga hukuma ta gina wa tsoho ɗaki a unguwar nan ba, kuma gaskiya ba wanda ya nema, domin ba a ga bukatar hakan ba.

Sai abin da ya faru ya faru. 'Yan Seleka suka kama Bangui ranar 24 ga Maris 2013, 'yan Anti-balaka suka kawo hari ranar 5 ga Disamba na wannan shekara, daga nan kuma aka shiga watannin manyan motoci. Wanda ya ga yadda ake hawa motocin nan ya san tafiya ce ta mai ƙarfi. Mutum zai ɗare can saman kaya, ya riƙe igiya, ya yi tafiyar kusan kilomita 600 zuwa iyakar Kamaru, ga rana ga fargaba. Tsofaffi da yawa ba su iya ba, wasu kuma sun iya amma suka ƙi. Maganarsu kusan iri ɗaya ce: ku je, in ƙura ta lafa kwa dawo ku same ni. Lokacin da Fafaroma Francis ya zo Babban Masallaci ranar 30 ga Nuwamba 2015, rahotanni sun ce Musulmin da suka rage ba su wuce 15,000 ba, daga cikin fiye da 100,000 da ke birnin a da. Ko maƙabartar Boeing ba a iya kai gawa sai da aka ƙulla yarjejeniya da mutanen can a watan Fabrairu 2016. Ƙura dai ta ɗan lafa, wasu sun dawo, amma da yawa sun kama sana'a a inda suke, sun sa 'ya'yansu makaranta, suka bar mana iyayensu.

A wannan shekara ta 2016 ne wani Alhaji mai cinikin goro, wanda 'ya'yansa duk suka zauna a Kamaru, ya kira liman da mai unguwa da shaidu, ya yi wakafi da ɗaya daga cikin gidajensa. An rubuta takarda da ajami da Faransanci. Gidan na da ɗaki 10 a ciki da shago 3 a bakin hanya. Sharaɗinsa shi ne, ba a sayarwa, ba a gado, kuɗin hayar shagunan shi zai riƙe ɗakunan, ɗakunan kuma na tsofaffin unguwa ne waɗanda ba su da mai kula da su. Wato gida ya zama na jama'a. Shekara na zagayowa Allah ya yi masa rasuwa. Mu kuma, don kawai mun ɗan iya lissafi, aka miƙa mana littafi da biro.

Mun ɗauka ranar da aka buɗe ƙofa sai an yi turereniya. Har takardar jerin suna muka tanada, muka ja mata layi. Wata huɗu suka wuce, ɗaki huɗu kacal ke da mutane, alhali kuwa mun san tsofaffi da sunansu da ke kwana a barandar shaguna da sunan gadi. Ashe laifin namu ne. Wani daga cikinmu da ya yi karatun allo a Kano ya ba mu labarin gidan gajiyayyu na Shahuci, mu kuma ba tare da dogon tunani ba muka sa aka rubuta allo aka kafa a ƙofa: Gidan Gajiyayyu. Ranar da muka je wajen wani dattijo mai gyaran takalmi muka yi masa tayin ɗaki, sai da ya gama ɗinkin da ke hannunsa sannan ya ɗago kai ya ce, "'Ya'yana, kun ga na miƙa wa wani hannu ne? Ku bari sai na gaji tukuna, ni da kaina zan aiko muku." Muka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," muka tashi jiki ba ƙwari. Wasu 'ya'yan kuma daga ƙasar waje suka dinga bugo waya suna cewa so muke mu tona musu asiri, a ce uwarsu na gidan marasa gata. Mun yi fushi da su a lokacin, musamman waɗanda ko sisi ba sa aikowa, amma daga baya muka gane kunyar tasu ma wani abu ce da ya kamata a lallaɓa.

Muka cire allon, har yau kuma ba a sake kafa wani ba. Gidan Alhaji kawai ake ce masa. Wani ya kawo shawarar a kai sanarwa gidan rediyon Ndeke Luka, wani ya ce a faɗa a lasifikar masallaci ranar Juma'a, duk muka ƙi, domin mun riga mun ga irin wannan kaya ba a tallarsa da ƙarfi. Waɗanda suka cika mana gidan mata biyu ne, ungozomar unguwa da mai wankan gawar mata. Su ne ke shiga kowane gida, sun san wadda surukarta ta mayar da ita kicin da kwana, sun san wanda ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba. Kuma ba su taɓa ce wa kowa zo a taimake ka ba. Cewa suke, ana neman babba wanda zai zauna a gidan Alhaji ya riƙa sa ido. Don kada maganar ta zama ƙarya, kowa ya shigo sai mu ba shi aiki: wannan ke riƙe makullin famfo, wannan ke buɗe ƙofa da asuba, wannan ke auna gawayi. Mai gyaran takalmin nan ma ya zo daga baya, shi ne mai karɓar kuɗin haya a hannun 'yan shago, kuma ba mu taɓa samun wanda ya kai shi naci ba.

Wani zai ce, in ɗaki ya zauna ba kowa ai ba a yi asarar komai ba, tunda ba haya ake biya ba. Mu ma haka muka zata. Amma ɗakin da ba kowa ya fi mai mutum cin kuɗi. Gara za ta ci azara ba mai gani, yoyo zai jiƙa bango har ya tsage, ɓarawo ya zo ya cire ƙyaure. A shekarun 2017 da 2018 kuwa akwai abin da ya fi wannan, domin samarin nan masu bindiga da ke kiran kansu masu tsaron unguwa, da sun ji akwai ɗaki a rufe sai su zo neman aron sa su ajiye kaya, kuma kowa ya san irin kayan. Sau biyu muna kwashe tsofaffin tabarmi da buta mu zuba a ɗaki don a ga kamar da mai shi.

To, mu zo ga kuɗi, domin a nan ne ake yawan zarginmu. Kowane shago sefa 25,000 ne a wata, uku ke nan 75,000. Ga 'yan'uwa da ke Turai, wannan bai kai yuro 115 ba. In aka raba wa mutum goma, kowa ya tashi da sefa 250 a rana. A cikin wannan ne za a biya ruwa, a sayi gawayi, a dafa abincin dare sau ɗaya, yawanci tuwon rogo da miyar ganye, a sayi maganin zazzaɓi da na hawan jini, a tanadi likkafani. Ba ya isa, bai taɓa isa ba. Abin da ke cike giɓin shi ne zakka da sadakar 'yan kasuwa, da ɗan abin da wasu 'ya'yan ke aikowa, amma waɗannan ba a rubuta su a kasafi, don ba a san ranar zuwansu ba. Ko shi 75,000 ɗin a takarda yake cikakke. Lokacin da masu bindiga ke karɓar haraji a hannun 'yan kasuwa, ɗan haya ɗaya ya rufe shago ya tafi, wani ya koma biyan rabi. Da aka yi artabun Afrilu 2018, lokacin da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da jami'an tsaron ƙasa suka shigo unguwa, an yi kwanaki ba ciniki. Sai da 'yan kasuwa suka yi kukan kura suka tunkari masu harajin a Disamba 2019 sannan aka ɗan sarara, shi ma da asarar rayuka. Ba a gama numfasawa ba 'yan tawaye suka tare hanyar Kamaru daga Disamba 2020 zuwa farkon 2021, kaya suka daina shigowa daga Duwala, farashin komai ya tashi.

Amma babbar ɓarnar da aka taɓa yi wa kasafin gidan nan, mu muka yi ta da hannunmu, kuma ya kamata mu faɗa. Tun farko mun yi doka cewa kashi ɗaya cikin goma na haya, wato 7,500 kowane wata, za a jefa shi a akwatin rufi, ba mai taɓawa. Da Babbar Sallar 2019 ta matso, muka ga ko'ina ana shirin yanka, gidan Alhaji shiru. Tausayi ya kama mu, muka buɗe akwatin muka sayi rago, da niyyar za mu mayar. An ci nama, an yi murna, an sa mana albarka. Watan Oktoba sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, shekarar da kogin Ubangi ya yi ambaliya ya raba dubban mutane da gidajensu. Mu ambaliyar ba ta iso mu ba, ta sama ruwan ya zo mana. Kwanon ɗaki na uku da na huɗu, wanda tun bara magini ya ce a sauya, ya buɗe. Dattijon ɗaki na huɗu ya kwana uku a kan tabarma mai lema bai gaya wa kowa ba, sanyi ya kama masa ƙirji. Abin da muka kashe a asibiti ya fi kuɗin ragon da na kwanon a haɗe, kuma bawan Allahn nan bai sake miƙewa sosai ba har ya rasu. Tun daga ranar akwatin rufi kwaɗo biyu gare shi, makulli ɗaya na hannun ma'aji, ɗaya na hannun wata tsohuwa a cikin gidan wadda ba ta jin lallashi.

Mun kuma taɓa gwada dabarar Amurka. Wani ɗan ƙaninmu da ke can ya ba mu labari cewa tun 1959 gwamnatinsu ke da shirin tallafa wa gina gidajen tsofaffi, ana shiga daga shekara 62, mai ɗaki ya biya kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, gwamnati ta cika sauran. Abin ya burge mu, muka ce a gwada. To, a cikin mutum goma ɗaya ne kawai ke da kuɗin da za a iya lissafawa, wani tsohon direba mai karɓar fansho duk wata uku. Sauran, mai tallar ƙuli, mai kasa goro a faifai, mai tufka igiya, yaya za a cire kashi 30 a cinikin ƙuli? Direban ya biya sau biyu, daga nan ya fara ganin ya fi kowa iko da famfo da inuwar mangwaro. Ga shi kuma mun kwaikwayi rabin dabarar ne kawai, domin mu ba mu da gwamnatin da za ta cika sauran. Muka soke. Yanzu gwangwani ne a zaure, mai abu ya jefa ba wanda ya gani.

Rigimar da ta fi kowace zafi kafin wannan ta yanzu ita ce ta ɗaki na tara, a 2021. Wata tsohuwa Kirista ce, wadda ta shekara fiye da talatin tana kawo itace unguwar nan, Hausa a bakinta kamar Sango. Jikanta ya rasu, dangi suka ce ita ta cinye shi. Mai karatu na waje kada ya ɗauki wannan wasa, domin dokar laifuffuka ta ƙasar nan tana hukunta abin da ta kira maita, kuma mata tsofaffi da dama sun shiga kurkukun mata na Bimbo a kan irin wannan zargi, wasu ma ba sa kai wa gaban alƙali taron jama'a ya gama da su. Ungozoma ce ta kawo ta da dare. Wasu suka ce wakafin Musulmi ne. Aka ɗauko takardar Alhaji aka karanta, ajamin da Faransancin, aka ga tsofaffin unguwa ya ce, bai ƙara komai ba. Liman ya ce ba mu da ikon ƙara sharaɗin da mai gida bai sa ba. Tana nan har gobe, ranar Lahadi takan tafi cocin Fatima ta dawo, kuma ita ce mai riƙe da makulli na biyun da muka ambata.

Yanzu ga ɗaki na bakwai. Mai shi wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, tana cikin mutum huɗun farko da suka shigo tun allon nan na kafe. Bara 'yarta da ke Garwa-Bulai ta kwanta rashin lafiya, Inna ta ce za ta je ta yi wata biyu, ta kulle ɗaki ta tafi da makulli. Yau wata goma sha ɗaya. Dokar gida kuwa ta ce wanda ya yi wata uku ba ya nan, ɗaki ya koma hannun na gaba a jeri. Abin dariya, mu da kanmu muka sha jin tausayin tsofaffin leburorin Afirka da ke zaune a ɗakunan kamfanin Sonacotra na Faransa, wanda aka kafa a 1956 aka sauya masa suna zuwa Adoma a 2007, waɗanda dole su yi wasu watanni a Faransa kowace shekara in ba haka ba tallafin tsufansu ya tsaya, suna ta kai da kawowa tsakanin jikokinsu da ɗan ƙaramin ɗaki. Muka gama tausayinsu, muka zo muka rubuta irin dokar.

Mutum shida ke jira. Na farkonsu tsohon tela ne da idonsa ya tafi, yana kwana a ƙarƙashin rumfar wani shago, mai shagon na tashinsa kafin a buɗe. Damina kuma ta ƙarato, kuma kowa ya san daminar Bangui ba ta wata biyu ba ce. Da aka aika wa Inna, sai jikanta ya turo mana muryarta ta WhatsApp. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya da sunanmu, sannan ta ce, "'Ya'yana, kada ku taɓa mini ɗakina. Likkafanina na cikin akwati. Nan baƙunta nake yi, can nake so a ɗauke ni."

Ma'aji ya ce doka doka ce, in aka karya wa Inna gobe ba bakin hana wani, kuma ba zai iya haɗa ido da telan ba alhali ga ɗaki a kulle. Na'ibin liman ya ce matar da jinyar 'yarta ta riƙe ba ta bar gida ba, kuma fasa kwaɗon tsohuwa ba ta nan abu ne da unguwa ba za ta manta ba, har waɗanda muka sha wuya kafin su yarda su shigo za su fara tunanin ashe zaman aro suke yi. Kowannensu na da gaskiyarsa. Mu dai a namu ganin, a buɗe ɗakin gaban shaidu, a rubuta kayanta ɗaya bayan ɗaya a adana, a sa telan, ranar da ta dawo kuma ita ce ta farko a jeri, kafin nan ta sauka a gidanmu. Mun faɗi haka a zaman da ya wuce, amma ba mu faɗe shi da ƙarfi ba, domin Innar nan ita ta yi wa uwargidanmu wankan jego har sau uku, kuma a ɗakinta na da 'ya'yanmu suka kwana daren 5 ga Disamba.

Akwai shawara ta uku da ungozoma ta kawo, wato a raba zaure da bulo a fitar da ɗaki na goma sha ɗaya. Magini ya yi kiyasin sefa 300,000, kuɗin hayar wata huɗu cur. Abin da ke akwatin rufi bai kai rabin haka ba, kuma ko ya kai, mun riga mun san amsar mai makulli na biyu. Wani ɗan kasuwa ya yi alkawarin buhun siminti biyar, wani ya ce zai ba da ƙyaure, saura bulo da kwano da kuɗin aiki. Ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar za mu sake zama a zauren, magini zai zo da igiyar awonsa, an kuma ce a kawo telan ya ji da kunnensa. Duk wanda ke da hanya zuwa Garwa-Bulai kafin ranar, muna roƙo ya biya ta gidan Alhaji, akwai wasiƙar da muke so a kai wa Inna hannu da hannu, a kuma karanta mata a hankali.